Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ƙungiyoyinmu Na Tsakiyar Ingila: A Bana A Kai Yara Brixworth

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena da yayyena da ke riƙe da ƙungiyoyin Hausawa a Northampton da Leicester da Coventry da Birmingham, Allah ya ƙara muku lafiya, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da mu. Na san ba albashi kuke karɓa ba. Na san Alhajin da ke bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana tara kuɗin mota, na kuma san Hajiyar da ke kwana a kicin don yara su tashi da abincin tafiya a hannu.

A zaman da muka yi bayan Sallah, da aka zo kan maganar inda za a kai yara a dogon hutu, na ɗaga hannu na ce a kai su wani tsohon coci a ƙauyen Brixworth. Ɗakin ya yi tsit, daga nan aka ce lokaci ya ƙure, a bari sai wani zama. Ban ji haushi ba, don na jefo magana mai nauyi ba tare da na yi mata shimfiɗa ba. To amma magana zarar bunu ce. Tunda ta fita, gara in ƙarasa ta a rubuce, kowa ya karanta a natse, sannan ku yanke abin da kuka ga ya dace.

Wasunku sun san sana'ata. Magini ne ni, ɗan magini. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ƙasa da azara ya yi aikinsa har ƙarfinsa ya ƙare. Ni kuma abincina a ƙasar nan yana cikin gyaran tsofaffin gine-ginen dutse: in kankare ruɓaɓɓen kwaɓi daga tsakanin duwatsu, in cusa sabo. Saboda haka da idon magini nake wannan magana, kuma da zuciyar uba mai 'ya'ya uku da aka haifa a nan.

Brixworth ƙauye ne mil 5 arewa da Northampton, a kan hanyar Market Harborough. Samarinmu masu kallon tseren motoci sun san sunan, don a nan ne kamfanin Mercedes ke ƙera injinan motocinsa na tsere. A kan tudun da ke bakin garin ta arewa akwai cocin da ake kira All Saints, wato Dukan Tsarkaka. A duk Ingila babu wani coci na zamanin Anglo-Saxon, wato mutanen da suka mallaki Ingila bayan tafiyar Rumawa, da ya kai shi girma kuma ya rage da mafi yawan siffarsa ta asali. An daɗe ana cewa an gina shi wajen shekarar 680, saboda wani ruhubani na ƙarni na 12 mai suna Hugh Candidus ya rubuta cewa daga gidan ruhubanawa na Medeshamstede, inda yanzu ake kira Peterborough, aka zo aka kafa na Brixworth. A kan wannan lissafi ne masanin gine-gine Alfred Clapham ya ce da wuya a sami wani gini na ƙarni na 7 da ya fi shi kwarjini a arewacin tsaunukan Alps. Daga baya wani kwamitin bincike ya ɗauki shekaru kusan 40 yana bin bangon dutse bayan dutse, ana zana kowanne ana tantance irinsa. David Parsons da Diana Sutherland suka fitar da sakamakon a 2013, kuma binciken ya mayar da ginin ƙarshen ƙarni na 8 ko farkon na 9. Ko da wannan ragi da aka yi masa, ya ba shekara 1,200 baya. Idan muka ɗauki 999 a matsayin shekarar da Bagauda ya hau sarautar Kano, to a ranar wannan bango ya yi kusan shekara 200 a tsaye.

Ranar da na fara zuwa, ban shiga ciki ba sai da na yi kusan awa ɗaya a waje. Abin da ya tsayar da ni bakan gizo ne. A jikin dogon bangon, kudu da arewa, akwai manyan bakuna huɗu huɗu a jere, kowanne an ɗaura shi da jan bulo siriri mai faɗi, kaurinsa bai wuce yatsu biyu ba, layi biyu, ɗaya a kan ɗaya. Wannan bulo ba maginan cocin suka gasa shi ba. Na Rumawa ne. Mulkin Rumawa a Birtaniya ya ƙare wajen 410, suka bar garuruwa da gidajen wanka da ganuwa suna zubewa. Bayan kusan shekara 400 sai maginan Brixworth suka bi kangayen suna tsintar abin da ya rage. Diana Sutherland masaniyar duwatsu ce, kuma ta nuna cewa da yawa daga duwatsun da ke ƙasan bangon babu irinsu a ƙasar Brixworth, daga yankin Leicester suka fito, wataƙila daga rusassun gine-ginen Rumawa na birnin. Ana kuma danganta wani kaso da Towcester, wani tsohon garin Rumawa a kudu. Ku da ke Leicester, kun sha wucewa ta gaban guntun bangon nan da ake kira Jewry Wall, kusa da cocin St Nicholas. Ku duba bakunansa. Irin bulon ke nan. Daga can zuwa Brixworth ya haura mil 20, kuma a keken shanu aka kwaso wannan kaya, a hanyar da ruwan sama ba ya barin ta bushe.

Ga abin da nake so yaranmu su gani da idonsu. Duk wanda ya taɓa ɗaura baka ya san ƙa'ida: kowane bulo dole ya kalli cibiya guda, kamar wayoyin tayar keke, don nauyi ya sauka daidai ta gefe biyu. Rumawa sun iya wannan sarai. Maginan Brixworth kuwa sun ga bakunan Rumawa a kango, sun so su yi irinsu, amma babu wanda ya rage a raye da zai koya musu. Sai ka ga bulo ya taso a karkace daga dama, ya taso a karkace daga hagu, a saman inda suka haɗu an cike giɓin da gutsattsari da kwaɓi. Da almajirin magini zai yi mini haka a yau, zan sa ya sauke ya sake. Amma ga shi yana ɗauke da bango mai tsayi tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Da na tsaya a gabansa, mahaifina na tuna, yadda yake jera azara yana ɗaure ta tana fitowa kaɗan kaɗan daga bango biyu har ta haɗu a sama. Na ga hannun mutanen da suka rasa malami amma ba su fasa aiki ba, sai na ji ina girmama su kamar yadda nake girmama shi.

Waɗannan bakuna a da buɗe suke. Ta cikinsu ake shiga wasu ƙananan ɗakuna da ke jere a gefen ginin, dama da hagu. Ɗakunan sun daɗe da rushewa, aka toshe bakunan da bango aka huda tagogi a ciki, shi ya sa abin da yake cikin gini a da, yanzu shi ne fuskarsa ta waje. Wasu suna ɗora laifin rushewar a kan mayaƙan Denmark da suka addabi yankin wajen 870. A cikin baka na ƙarshe ta yamma, a bangon kudu, an dasa ƙofa irin ta zamanin Normawa, mayaƙan da suka zo daga Faransa suka ci Ingila, a ƙarni na 12, ƙaramar baka a cikin babba. Ta nan ake shiga, kuma daf da ita daga ciki akwai wani dutse da aka sassaƙa gaggafa a jikinsa, alamar Yahaya marubucin Linjila a wurin Kirista.

Ta yamma akwai hasumiya. Asalinta zaure ne na shiga, aka ɗaga tsakiyarsa ya zama hasumiya tun kafin zuwan Normawa a 1066, aka manna mata wani zagayayyen gini mai matakala a ciki. Irin wannan matakala ta zamanin Anglo-Saxon guda huɗu kaɗai suka rage a Ingila: ta nan, da ta Brigstock a wannan gunduma, da ta Broughton da ta Hough-on-the-Hill a Lincolnshire. A jikin wannan sashe za ku ga inda aka jera duwatsu a jingine, layi ɗaya ya kwanta dama, na samansa ya kwanta hagu, kamar saƙar tabarma. Dogon tsinin da ke can sama, wanda ake hangowa tun daga nesa, na ƙarni na 14 ne. Wato daga gindin hasumiyar zuwa kanta akwai tazarar shekara kusan 500, kuma yaro ɗan shekara goma zai iya nuna maka inda wani hannu ya tsaya wani ya ɗora, idan an nuna masa sau ɗaya.

Daga ciki kuwa, tsayi da haske ne ke fara tarbar mutum. Tagogin da ke can sama kusa da rufi na asali ne, su ma da jan bulon Rumawa aka zagaye kawunansu. Idan ka juya ka kalli bangon yamma, akwai taga mai ƙofa uku a sama, da 'yan gajerun ginshiƙai biyu masu ciki kamar turmi, wadda ke leƙo cikin cocin daga ɗakin da ke hasumiya. Ginin gabas yake fuskanta, kamar yawancin tsofaffin coci-coci, abin da ba zai zama baƙo ga Bahaushe ba, tunda a bakinmu gabas da alƙibla kalma ɗaya ce.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa nake ganin wannan tafiya ta shafe mu fiye da yadda muke zato.

Brixworth a cikin masarautar Mercia take, kuma lokacin da masu bincike suka ba ginin ya faɗo a zamanin Sarki Offa, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796, ko na Coenwulf da ya rasu a 821. Gini mai wannan girma a ƙauye ba aikin talaka ba ne, dole da hannun sarauta a ciki. Har wasu masana na ganin nan ne Clofesho, wurin da sarakunan Mercia da manyan limaman coci suka riƙa yin taro a ƙarni na 8 da na 9, wanda har yau ba a tabbatar da inda yake ba. To shi wannan Offa ya sa an buga masa kuɗin zinariya guda da yanzu ke ajiye a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan. Kwaikwayon dinarin Halifa al-Mansur na Abbasiyawa ne, har da shekarar 157 ta Hijira a jiki, wato 773 zuwa 774. Kalmar shahada tana nan da Larabci. A tsakanin layukan da suka ce Muhammadu Manzon Allah ne, an buga OFFA REX, wato Sarki Offa, amma a juye, ƙafa a sama. Wannan juyi da kurakuran da ke cikin Larabcin sun nuna maƙerin bai iya karanta abin da yake kwafa ba. Kada mu ruɗi yaranmu da cewa Offa ya musulunta, kamar yadda ake yaɗawa a WhatsApp. Kirista ne, har ya yi alkawarin aika wa Roma zinariya 365 duk shekara, kuma a Roma aka fara ganin wannan dinari. Gaskiyar ta fi ƙaryar daɗi: a wancan zamani dinarin Musulmi ne kuɗin da duniyar fatauci ta yarda da shi, har sarki a tsakiyar Ingila ya ga babu abin da ya fi masa sai ya kwaikwaye shi. An kafa Bagadaza a 762. An fara babban masallacin Kurɗuba ta Andalus a 785. Haruna Rashid ya hau halifanci a 786. A cikin waɗannan shekaru, ko jim kaɗan bayansu, ake jan bulo a keken shanu zuwa tudun Brixworth.

Yaranmu suna zama a aji ana koya musu tarihin Anglo-Saxon kamar labarin wasu mutane da babu abin da ya haɗa su da su. Suna zuwa Islamiyya ranar Asabar ana ba su labarin Abbasiyawa kamar a wata duniya aka yi shi. Babbar 'yata ta taɓa ce mini tarihin makaranta na Turawa ne, na Islamiyya na Larabawa ne, ita ba ta ga nata ba. Na kai ta Brixworth, na nuna mata hoton dinarin a waya tana tsaye a gindin bakan. Ba ta ce komai ba a lokacin. Bayan sati biyu na ga ta zaɓi Offa a aikin gida da aka ba su.

Akwai wani sashe da yara za su fi so, a bayan ginin ta gabas. Ƙuryar da bagade yake, wato teburin ibadarsu, a lanƙwashe take, kamar mihrabi amma babba. A waje, wani lungu da aka haƙa ƙasa ya zagaye ta kamar rabin zobe. A da rufe yake da ɗaurin dutse, yanzu sama a buɗe. Daga cikin cocin ana iya ganin ƙananan ƙofofi biyu a toshe, can ƙasa, dama da hagu, waɗanda ta nan ake gangarawa a shiga ta ɗaya a fita ta ɗaya. Irin wannan tsari daga Roma ya samo asali, an yi shi ne don masu ziyara su zagaya kusa da wani abu na waliyyi da aka ajiye. A 1809 masu gyara suka tsinci wani ƙaramin akwatin dutse a ɓoye cikin bangon ɗakin addu'a na kudu, da guntun ƙashi a ciki. Mutanen garin suna danganta shi da Boniface, ɗan Devon da ya tafi wa'azi ƙasar Jamus aka kashe shi a Dokkum, cikin ƙasar Holan ta yau, a 754, saboda tun da can garin yana da biki da ƙungiya da sunansa. Wannan aƙidarsu ce ta wancan zamani, su kansu sun yi rikici a kanta a ƙarni na 16, lokacin da Ingila ta raba gari da Paparoma aka bi coci-coci ana farfasa siffofi ana shafe zanen bango da farar ƙasa. Ba mamaki a irin wannan lokaci ne wani ya ɓoye akwatin.

Mutumin da ya tono yawancin wannan tarihi limamin cocin ne, Charles Frederic Watkins, wanda ya riƙe wurin daga 1832 zuwa 1873. Ya tarar an daɗe da rushe lanƙwasasshiyar ƙuryar an yi mai kusurwa huɗu a madadinta. Ya haƙa ya gano tsohon tushe da lungun da ke zagaye, sannan a 1865 zuwa 1866 ya sauke ginin da ya tarar ya mayar da ƙuryar bisa tsohon tushenta. Ina yaba masa, don ba domin shi ba da ba mu ga abin da muke gani ba. Amma ba zan ɓoye ba, raina yana sosuwa da abin da ya rushe. Shi ma wancan gini aikin hannun wasu magina ne, ya yi ɗaruruwan shekaru ana ibada a cikinsa. Irin wannan gyara na zamanin Sarauniya Biktoriya, na a rushe na tsakiya don a fito da na farko, shi ya sa William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877, suna cewa a gyara abin da ya lalace kawai, a bar kowane zamani da sawunsa. A kan wannan koyarwa aka tarbiyyantar da ni a sana'a, kuma ita nake bi.

Na san abin da ya sa ɗakin ya yi tsit a ranar. Yawancinmu Musulmi ne, kuma coci coci ne. Ni ba malami ba ne, ba zan ba da fatawa ba. Ku kai maganar gaban malamanmu, abin da suka ce a ji. Abin da zan iya faɗa shi ne ba ibada nake cewa a je ba. A zaɓi ranar da babu taron addu'a. Kuma duk uban da zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ba, ɗansa ba zai yi asarar komai mai yawa ba, don bakunan da hasumiyar da matakalar da lungun gabas duk daga waje ake ganinsu. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa da Sayyidina Umar ya karɓi Ƙudus, lokacin salla ya riske shi a babban cocin birnin, shugaban cocin ya ce ya yi sallarsa a nan, ya ƙi, ya fita waje, don kada Musulmi na baya su ce Umar ya yi salla a wurin su ƙwace shi. Wanda ya yi haka ya san darajar ɗakin ibadar maƙwabcinsa. Mu ma a nan, duk shekara makarantu suna kawo mana yaran Turawa masallatanmu. Suna cire takalma, 'yan matan suna yafa gyale, suna zama a kan darduma suna tambaya, mu kuma muna jin daɗi muna raba musu dabino. Zumunta a ƙafa take. Ba na jin daidai ne kullum su ne masu zuwa. Kada kuma mu manta a cikinmu akwai 'yan'uwa Hausawa Kirista, wasu daga Wusasa, inda cocin St Bartholomew na ƙasa da aka gina a 1929 yake tsaye, kuma ɗariƙarsu ɗaya da ta Brixworth. Sun sha raka mu wuraren da muka zaɓa ba su ce uffan ba.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ci mini rai a matsayina na mai wannan aiki. Da yawa cikinmu suna zaton gwamnati ce ke kula da irin waɗannan gine-gine, ko kuma Sarki, tunda shi ne shugaban Cocin Ingila. Ba haka ba ne. A Faransa, tun dokar 1905, tsofaffin coci-coci mallakar hukuma ne, ita ke gyara. A Ingila nauyin yana kan jama'ar unguwa. Cocin Ingila yana da gine-gine kusan 16,000, fiye da 12,000 daga ciki suna cikin rajistar gine-ginen tarihi, kuma kusan rabin gine-ginen da ke matakin farko na wannan rajista a Ingila nasa ne. Kowanne yana hannun ƙaramar majalisar cocin unguwa da wakilai biyu da ake zaɓa duk shekara, ba a biyansu ko sisi. Doka ta ce duk shekara 5 sai masanin gini ya zo ya duba daga rufi har tushe ya rubuta abin da ya lalace. Shi rubutawa kawai zai yi. Neman kuɗin gyaran yana wuyan mutanen da a ƙauyuka da yawa ba su wuce ashirin ba ranar Lahadi, kuma yawancinsu sun manyanta. Na yi aiki a wuraren da tsofaffin mata suka shekara uku suna sayar da shayi da kek kafin su tara kuɗin indararo. Na ga inda ɓarayi suka hau da dare suka naɗe darmar rufi, ruwa ya kwana yana zuba a kan katakon da ya shekara 600.

A 2001 aka fito da wani tsari da gwamnati ta riƙa mayar wa wuraren ibada na tarihi harajin VAT da suka biya a kan gyara, kuma ba coci kaɗai ya shafa ba, har masallatai da wuraren ibadar Yahudawa da ke cikin rajista. A farkon 2025 aka sa masa iyaka, fam 25,000 ga kowane gini a shekara. Ga mai gyaran taga wannan ya isa. Ga mai sauke rufi gaba ɗaya, wanda aikinsa kan haura fam rabin miliyan, giɓin da aka bar masa ya isa ya tsayar da aikin. Mu masu biyan haraji ne, masu ƙuri'a ne. Idan ƙungiyar Hausawa, mafi yawanta Musulmi, ta rubuta wa ɗan majalisarta cewa ta damu da rufin cocin ƙauye, wasiƙar ba za ta yi kama da sauran da ke kan teburinsa ba.

Wani abu kuma game da samarinmu da suka gama sakandare suna zaune. Wannan sana'a tana neman hannu. Tsohon gini da farar ƙasa ake gyara shi, ba da siminti ba, don farar ƙasa tana barin bango ya yi numfashi, danshi ya fita ta kwaɓi. Siminti kuwa yana kulle ruwa a ciki, sanyi ya zo ruwan ya daskare, fuskar dutse ta ɓare. A farkon zuwana, a wani wurin aiki, an sa ni na cike bangon wani tsohon gida da siminti don a gama da wuri. Na bi ta wurin bayan 'yan shekaru na ga duwatsun sun zaizaye, simintin ya fito zara-zara kamar haƙarƙari. Har yau idan na tuna ba na jin daɗi. Masu sanin aikin farar ƙasa da sassaƙar dutse da darma suna tsufa, masu koyo ba su da yawa, kuma wanda ya iya ba ya rasa aiki. Idan cikin yara hamsin da za mu kai mutum biyu suka dawo suna tambaya yaya ake ɗaura baka, ni zan ɗauke su in kai su wurin da za su koya.

Abin da nake roƙo ke nan. A ware rana ɗaya a cikin dogon hutun bana. Sakatare ya rubuta wa wakilan cocin tun da wuri, a gaya musu ko mu su wane ne da adadinmu, a nemi ranar da ba za mu takura musu ba. A gaya wa yara su shiga da ladabin da muke so a shiga masallacinmu da shi, ba gudu, ba hawa kan kaburbura. Kowane gida ya riƙo abin da ya sawwaƙa don akwatin gyara da ke bakin ƙofa, wanda kuma bai ga dacewar hakan ba, babu mai tilasta masa. Ba za a hana yara wasansu ba: wurin shaƙatawa na Brixworth yana bakin tafkin Pitsford, 'yan mintuna kaɗan a mota, da fili da wurin wasa da inda za a shimfiɗa tabarma a ci abinci a yi Azahar. Masu zuwa daga Leicester su fara tsayawa a Jewry Wall na minti goma, don yara su ga bulon a gidansa na farko kafin su gan shi a na biyu.

Ni zan yi jagora ba tare da an biya ni ba. Zan zo da igiya da ƙusa da 'yan bulo ashirin, mu ɗaura ƙaramar baka a kan ciyawa, sau ɗaya yadda Rumawa suke yi, sau ɗaya yadda maginan Brixworth suka yi, yara su cire katakon da ke ƙasa da hannunsu su ga abin da zai faru. Ina roƙon a sa maganar a farkon ajandar zama mai zuwa, kafin lokaci ya ƙure.

Allah ya bar zumunci, ya raya mana zuriya.

Naku,
ɗan'uwanku magini, daga Northampton